Hasan Fathi: Masanin Zanen Gini Na Masar Da Ya Koma Ga Tubalin Ƙasa

Hasan Fathi, wanda ake rubuta sunansa Hassan Fathy a littattafan Faransanci da Ingilishi, ya shafe fiye da shekaru hamsin yana kare ra'ayi guda: a ƙasa mai zafi, gidan da ya fi dacewa da talaka shi ne wanda za a gina da ƙasar da yake takawa, bisa tsarin da ya yi la'akari da rana da iskar wurin. Ya rayu daga 1900 zuwa 1989, ya zana gine-gine kimanin 160, amma aikin da ya fitar da sunansa duniya wani ƙauye ne da ba a kammala ba, wanda akasarin mutanen da aka gina domin su suka ƙi shiga.

An haife shi a birnin Iskandariyya ranar 23 ga Maris, 1900, a gidan masu hali. Mahaifinsa yana da gonaki, sai dai ba ya son zaman karkara, kuma bai bari ƴaƴansa su saba da ita ba. Yaron ya so ya karanci aikin gona, bai samu shiga makarantar ba, sai ya koma karatun zanen gini a makarantar injiniyoyi ta Giza, wadda daga baya ta zama ɓangare na Jami'ar Alƙahira. Ya kammala a 1926. Abin da aka koya masa a can tsarin Turai ne zalla, na siminti da ƙarfe da ginshiƙai irin na Faransa da Italiya.

Yana ɗan shekara 27 ya fara taka ƙafa a ɗaya daga cikin gonakin gidansu, kusa da Talkha a yankin Mansura. Abin da ya gani ya dame shi. Manoman da ke yi wa iyayensa aiki suna kwana a ɗakuna masu duhu, babu taga, babu makewayi, mutum da dabba a wuri ɗaya. Ya lura da cewa ba su da kuɗin sayen siminti ko katako, kuma babu ranar da za su same shi. Abin da kawai suke da shi kyauta shi ne laka da hannayensu. Daga 1930 ya fara koyarwa a makarantar fasahar zane ta Alƙahira, kuma a 1937 ya baje kolin zanen gidajen karkara na tubalin ƙasa a Mansura. Mutane sun yaba zanen, amma kaɗan ne suka nemi a gina musu.

Matsalar rufi

Tayar da bango da ƙasa ba abin mamaki ba ne a Masar, an daɗe ana yi. Wuyar aikin tana wajen rufi. Ƙasar ba ta da dazuzzuka, katako da ƙarfe daga waje ake kawo su, kuma da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke sai hanyar ta toshe. A 1941 ƙungiyar noma ta masarautar Masar ta ba Fathi aikin gina wata gona a Bahtim, kusa da Alƙahira. Ya yanke shawarar yin rufin da tubali kaɗai, a lanƙwashe kamar baka. Hanyar da aka sani ita ce a kafa katako a ƙasa ya riƙe tubalin har ya bushe, to amma katakon shi ne babu. Maginansa suka gwada ba tare da shi ba, rufin ya rufta.

Ɗan'uwansa, wanda ke aiki a madatsar ruwa ta Aswan, shi ya ba shi labarin cewa Nubawa a kudancin ƙasar suna yin irin wannan rufi ba tare da ko sanda ɗaya ba. Fathi ya tafi Aswan a wannan shekarar. A ƙauyen Garb Aswan ya tarar da gidaje masu tsabta da tsayi, rufinsu duk na ƙasa. Ya ga ƙubbobin tsohuwar maƙabartar zamanin Faɗimawa, da gidan ibadar Kiristoci na Waliyyi Saminu a hayin kogi. A Luksor kuma ya ga rumbunan hatsi na haikalin Fir'auna Ramsis na Biyu, waɗanda aka yi da tubalin ƙasa fiye da shekaru 3,000 da suka wuce, kuma har yau wasunsu na tsaye.

Ya ɗauko magina Nubawa zuwa Bahtim ya zauna yana kallon yadda suke yi. Kayan aikinsu gizago ne da hannu. Da farko sukan ɗaga bangon ƙarshen ɗaki ya fi na gefe tsawo, su shata siffar baka a jikinsa da laka. Sai su fara jera tubali a tsaye, kowane layi ya ɗan jingina da bangon, na biyu ya jingina da na farko, har bakan ya haɗe a sama. Saboda jinginar, nauyin tubalin yana komawa kan bangon ƙarshe maimakon ya faɗo ƙasa. Tubalin rufin na musamman ne: tsawonsa santimita 25, faɗinsa 15, kaurinsa 5, an cika shi da daddatsattsen karan hatsi don ya yi sauƙi, kuma tun yana ɗanye ake ja masa layi da yatsu domin laka ta kama shi. Magina biyu sun rufe ɗaki mai mita 3 da 4 cikin yini ɗaya da rabi, a kan kuɗin da bai kai rubu'in na kankare ba.

Wanda ya san ginin Hausa zai ga bambancin nan take. Bakan gizo da tulluwar soro a Zariya, Kano ko Damagaram ana ƙulla su ne da azara, a lulluɓe da ƙasa. Rufin Nubawa ba ya buƙatar giginya ko wata bishiya, kuma wannan ne ya sa shekaru arba'in bayan haka ya samu karɓuwa a Sahel.

Tun a lokacin Fathi ya fara ɗanɗanar abin da zai bi shi har ƙarshen rayuwarsa. Ambaliya ta rushe wani ƙauye da ake kira Izbat al-Basri kusa da Alƙahira, sai ya gina gida ɗaya na gwaji cikin kwanaki 40 don nuna wa kwamitin agaji cewa za a iya sake gina ƙauyen da araha. Kwamitin ya zaɓi gidajen kankare masu tsada ninki da yawa, aka rushe nasa.

Gidan da ke sanyaya kansa

Araha rabin hujjarsa ce kawai. Ɗaya rabin shi ne zafi. Bangon ƙasa mai kauri yana shan zafin rana a hankali, kafin ya ratsa zuwa ciki dare ya yi, sai ya sake shi lokacin da gari ya yi sanyi. Bangon kankare siriri kuwa nan da nan yake miƙa zafin ciki. A 1964 an gina wasu ƙananan ɗakuna na gwaji a cibiyar binciken gine-gine ta Alƙahira, kuma Fathi ya kawo sakamakon a littafinsa na ƙarshe. A ɗakin tubalin ƙasa mai kaurin santimita 50, zafi ya tsaya tsakanin digiri 21 da 23 tsawon yini da dare. A ɗakin kankare mai kaurin santimita 10 ya kai digiri 36, wato ya fi na waje da digiri 9.

Sauran dabarunsa ya samo su ne daga tsofaffin gidajen Alƙahira na zamanin Mamluka da Usmaniyya, waɗanda takwarorinsa suke ɗauka a matsayin kufai. Akwai tsakar gida, inda sanyin dare ke kwanciya ya daɗe har hantsi. Akwai malƙaf, wata hasumiya a saman gida da ke fuskantar arewa, inda iskar Masar mai sanyi ke fitowa. Tana kama iskar ta turo ta ƙasa cikin ɗaki, iska mai zafi kuma ta fice ta ƙofofin da ke saman ƙubba. Akwai mashrabiyya, tagar katako mai ƙananan huji, wadda ke rage hasken rana, ta bar iska ta shiga, ta kuma hana na waje leƙen mutanen gida. A wasu gine-ginensa yakan sa tulun ruwa da jiƙaƙƙen gawayi a cikin malƙaf, iskar ta bi ta kansu ta ƙara sanyi, kamar dai yadda randa ke sanyaya ruwa. Kafin ya zana komai yakan fara duba inda rana ke faɗawa a kowane lokaci na shekara da inda iska ke kaɗowa, sannan ya san inda zai sa ɗakin kwana da inda zai sa madafa.

Sabuwar Gurna

A yammacin kogin Nilu, daura da Luksor, akwai wani tsauni cike da kaburburan manyan fadawan Fir'aunoni. A kansa mutanen Gurna, kimanin 7,000, suka gina gidajensu tsawon zamani, wasu gidajen ma a bakin kabari suke. Hukumar kula da kayan tarihi ta daɗe tana zarginsu da haƙa da sayar da abin da ke ciki. Da aka sace wani babban sassaƙe daga jikin dutse, gwamnati ta yanke shawarar tayar da su baki ɗaya. Aka sayi fili mai eka 50 a cikin gonakin rake da ke ƙasa, kuma a 1945 aka ba Fathi aikin gina sabon ƙauye don iyalai kusan 900.

Bai yi abin da aka saba yi ba, wato zana gida ɗaya a maimaita shi sau ɗari tara. Ya raba ƙauyen unguwa-unguwa bisa zuriyoyin tsohuwar Gurna, ya shirya gidajen dangi su kewaye ɗan fili guda, ya yi ƙoƙarin zana kowane gida daidai da yawan mutanensa da dabbobinsu. Lunguna ya yi su ƙunci da lanƙwasa domin inuwa. Ya fara da gine-ginen jama'a: masallaci, kasuwa, makarantar maza da ta mata, masaukin masu sana'a, har da dandalin wasan kwaikwayo. Ramin da za a haƙo ƙasar tubali ya tsara a mayar da shi tafki da za a riƙa zuba wa magani, don yara su yi wanka ba tare da kamuwa da tsagiya ba. Ya kawo samfurin wani murhu daga ƙasar Ostiriya, wanda ke dafa abinci ya kuma ɗumama ɗaki da dare a lokacin hunturu. Ya buɗe horo ga matasan ƙauyen su koyi gini, da niyyar su da kansu su gina gidajensu, su kuma samu sana'ar da za ta maye gurbin tonon kabari.

Aikin bai yi nisa ba ya fara cin karo da ofis. Dokar sayen kayan gwamnati ba ta san tubalin ƙasa ba. Karan da za a cuɗa da laka sai an bi ta takardu da neman ƴan kwangila, wata da watanni, lokacin rani na wucewa. Albashin leburori yakan makale. Ma'aikatan gwamnati da dama ba su ɓoye ƙyamarsu ga aikin ba, ƴan kwangila kuma ba su ga riba a ginin da babu siminti ko ƙarfe a cikinsa ba. A 1947 annobar kwalara ta shiga Masar. Sannan wata rana aka wayi gari ganuwar da ke tare ruwa ta ɓalle, ruwa ya malale filin, kuma Fathi ya yi imani da gangan aka fasa ta. A 1948 aikin ya tsaya, ba a gina ko kashi ɗaya cikin huɗu na abin da aka tsara ba.

Fathi ya ɗora laifin a kan jami'an gwamnati da kuma manyan Gurna da ke cin moriyar kaburbura. Akwai gaskiya a ciki, amma ba ita ke nan ba. Ba a tambayi mutanen Gurna ko suna son tashi ba. A kan tsauni suna kusa da abincinsu: aikin lebura wajen masu tonon tarihi, gadin kaburbura, sayar wa baƙi kayan tsaraba. A ƙasa ba a ba su gonar da za ta ciyar da su ba. Tsaunin busasshe ne, sabon filin kuwa ƙasar noma ce mai danshi da sauro. Ƙubba, wadda Fathi yake gani a matsayin ƙawa da sanyi, a wajen mutanen yankin alama ce ta kabarin waliyyi, ba ɗakin kwana ba. Salon Nubawa ne, su kuma ba Nubawa ba ne. Shi kansa, duk da ƙaunar da yake yi wa manoma, wani lokaci yakan yanke musu hukunci irin na ɗan birni. Ya ƙi sa famfo a cikin gidaje, ya fi son a yi wurin ɗiban ruwa na unguwa, a kan cewa nan ne mata da ƴan mata ke haɗuwa. Wadda ke ɗaukar tulu a ka sau da yawa a yini wataƙila da ta zaɓi famfon. Marubuci Fathi Ganim ya rubuta ƙagaggen labari mai suna Al-Jabal a kan wannan rikici, aka mayar da shi fim, kuma mai zanen ginin da ke ciki bai fito da kyakkyawar kama ba.

Hijira da dawowa

Bayan Gurna ya riƙe sashen gina makarantu a ma'aikatar ilimi daga 1949 zuwa 1952, ya kuma gina makarantar ƙasa a ƙauyen Faris da ke kudancin Masar. Can ma aka kai rahoton cewa ta fi ta kankare tsada, abin da ya musanta. Masar ta Jamal Abdul Nasir tana gaggawar gina masana'antu da dogayen benaye, kuma a idon masu mulki komawa ga laka komawa baya ne. A 1957 ya bar ƙasar zuwa Girka, ya shiga kamfanin Konstantinos Doksiyadis, inda ya yi aiki a kan tsarin gidaje na Iraƙi da Pakistan, ya kuma zagaya biranen Afirka da dama don wani bincike kan makomar birane.

Da ya dawo a farkon shekarun 1960 sai dama ta biyu ta zo. An gano ruwa mai yawa a ƙarƙashin ƙasa kusa da Baris, a dausayin Kharga cikin hamadar yamma, gwamnati ta so zaunar da iyalai 250 su yi noma. Wurin yana da tsananin zafi, kuma babu wutar da za ta riƙe firji. Fathi ya zana kasuwa mai jerin malƙaf da ɗakunan ajiya a ƙarƙashin ƙasa, inda zafi ke raguwa da kusan digiri 15, domin kayan lambu su jira mota ba tare da sun lalace ba. Masana da yawa suna ganin wannan kasuwa ita ce gwanintarsa mafi girma. Yaƙin 1967 da Isra'ila ya tsayar da aikin, ba a sake komawa kansa ba, kuma ginin yana nan a cikin rairayi ba a taɓa cin kasuwa a cikinsa ba.

Abin da gini bai yi masa ba, littafi ya yi. A 1969 ma'aikatar al'adu ta buga labarin Gurna da ya rubuta da Ingilishi. A 1970 ya fito da Faransanci da sunan Construire avec le peuple, a 1973 kuma Jami'ar Shikago ta sake buga shi da sunan Architecture for the Poor. Shekarar ta zo daidai da tashin farashin man fetur, lokacin da Turai da Amurka suka fara tunanin gidan da ba ya dogara da na'urar sanyaya ɗaki. Ɗalibai daga ƙasashe daban-daban suka riƙa zuwa gidansa da ke Darb al-Labbana, wani tsohon gida a gindin ganuwar Salahuddin a Alƙahira, su zauna shan shayi yana yi musu bayani. A 1980 kaɗai ya karɓi lambar girmamawa ta musamman ta Aga Khan, da lambar Balzan, da lambar Right Livelihood a shekarar da aka fara bayar da ita. A wannan lokacin ne kuma, yana da shekara 80, ya tafi Abikiyu a jihar New Mexico ta Amurka tare da magina Nubawa biyu, suka gina masallacin ƙasa na Darul Islam a gaban ɗaruruwan masu kallo da koyo.

A gida kuwa, waɗanda suka riƙa neman aikinsa a shekarunsa na ƙarshe masu kuɗi ne: attajirai da masu zane-zane a bayan Alƙahira, da manyan mutane a Jidda da Kuwait. Talakan da ya samu ɗan rufin asiri siminti yake nema, domin a wajensa gidan ƙasa shaidar talauci ce. Ita ma lakar ta yi wuya. Babbar madatsar Aswan ta hana kogin Nilu kawo sabuwar laka kowace shekara, gwamnati ta hana kwasar ƙasar gona don yin tubali, sai Fathi ya koma amfani da dutsen da ake samu a wurin gini, kamar yadda ya yi a gidansa na Sidi Kirir a bakin teku. Ya rasu a Alƙahira ranar 30 ga Nuwamba, 1989.

Daga Nilu zuwa Sahel

A farkon shekarun 1970 wasu ɗalibai uku daga wata makarantar zanen gini ta Landan, John Norton da Allan Cain da Farokh Afshar, sun yi aiki tare da shi, suka kafa ƙungiyar Development Workshop. A 1980 ƙungiyar ta kawo rufin Nubawa garin Cikal a yankin Filinge na Nijar, daga baya aikin ya kai Iferuwan a tsaunukan Ayar, ya kuma tsallaka Mali da Burkina Faso da Muritaniya. Shi ne abin da ake kira gini ba katako, construction sans bois da Faransanci. Bayan farin shekarun 1970 itacen rufi ya yi ƙaranci da tsada, kwano kuma yana mayar da ɗaki tanda da rana. A 2000 wani magini Bafaranshe, Thomas Granier, da wani manomi ɗan Burkina, Séri Youlou, suka kafa ƙungiyar La Voûte Nubienne a garin Boromo, wadda ta horar da magina a Burkina da Mali da Senegal da Benin da arewacin Gana, aka gina dubban gidaje. Dole aka yi wa fasahar gyara, domin kudancin Masar kusan ba a ruwan sama, Sahel kuwa tana da damina: ana ƙara kaurin rufi, a kula da indararo, a sabunta yaɓe. Waɗannan ƙungiyoyi ba su gina wa kowa ƙauye ba. Magini suke koya wa, mai gida kuma shi ke zuwa da kansa ya nema, ya kawo ƙasa da ruwa da hannun taimako.

Tsohuwar Gurna ta ci gaba da zama a kan tsauninta har zuwa 2006 da 2007, lokacin da gwamnati ta sa katafila ta rushe yawancin gidajen, aka kwashe mutanen zuwa wasu gidajen siminti. Sabuwar Gurna kuwa wasu mutane ne suka cika ta sannu a hankali. Ruwan ƙarƙashin ƙasa ya taso saboda ban ruwa da rashin magudana, gishiri ya ci harsashin dutse, bangaye suka tsage. Iyalai sun ƙaru, gidan ƙubba kuma ba ya ɗaukar ƙarin bene, don haka da yawa suka rushe nasu suka tayar da na kankare hawa uku ko huɗu. A 2010 aka sa ƙauyen cikin wani jeri na wuraren tarihi da ke buƙatar ceto, UNESCO da gwamnatin Masar suka shiga aikin ceto, kuma a 2021 aka kammala gyaran masallaci da masaukin masu sana'a da dandalin wasan kwaikwayo. Har yanzu ana sallah a masallacin.